Ku Tambayi Bakanike: Idan Babur ɗin Daji Ya Ƙi Kawo Wuta

Wasiƙun da suka taru a wannan wata kusan duk a kan matsala guda suke, wato babur ya ƙi kawo wuta, ko kuwa ya kawo ta a lokacin da bai dace ba. Mun zaɓi biyar daga cikinsu, mun kuma taƙaita tambayoyin. Saboda masu karanta mu daga tsallaken iyaka, abin da ake kira fulogi a Najeriya shi ne buji a bakin makanikan Garwa da Marwa da Injamena, koyil kuma shi ne bobin, kuma waɗannan sunaye na gida za mu bi.

Tambaya: Malam, ni malamin gona ne a yankin Gidar, kuma da babur ɗin daji ƙirar Sin nake zagaya manoman auduga. Wata biyu ke nan yana wahalar da ni. Wata rana ya tashi da bugu ɗaya, wata rana in yi ta buga kik har gumi ya jiƙa mini riga bai ko yi tari ba. An canza buji, an canza bobin, an canza akwatin CDI har sau biyu, amma ba ta sake zani ba. Na kuma lura cewa idan na karya kan babur ɗin sosai zuwa hagu, yakan yi kamar zai mutu. Me ya rage da ba a canza ba?

Amsa: Malam, jimlarka ta ƙarshe kafin tambayar ita ce mafi amfani a duk wasiƙar, kuma da wanda ya yi maka gyaran ya saurare ta da kuɗin akwati biyu suna aljihunka. An bar jaki ana dukan taiki. Akwatin CDI, wato ɗan akwatin da ke tara wuta ya sake ta ga bobin a kan lokaci, ba ya sanin ko kan babur ya karkata hagu ko dama. Abin da ke motsi idan an karya kai shi ne damin wayoyin da ya bi ta wuyan babur daga makulli da maɓallin kashewa zuwa ƙarƙashin tanki, kuma can nake zargi.

Ga dalili. A yawancin waɗannan babura akwatin yana samun wutarsa kai tsaye daga wani naɗin waya da ke cikin magneto, wato sashen da ke gefen inji inda maganaɗisu ke juyawa yana samar da wuta, yana tara ta har ta kai bolt ɗaruruwa, sa'annan idan ɗan ƙaramin naɗin da ke ba da ishara ya sanar da shi cewa fistin ya kusa kaiwa sama, sai ya sake ta gaba ɗaya zuwa bobin, bobin kuma ya ninka ta zuwa dubbai ya aika wa buji. A irin wannan tsari makulli ba ya ba da wuta, kashe ta yake yi: idan ka rufe shi, sai ya haɗa wata waya guda da jikin babur, wutar ta zube a ƙarfe. Ma'anar wannan ita ce duk inda wayar nan ta goge ta taɓa ƙarfe, daidai yake da an rufe makulli, ko da makullin yana buɗe a gabanka. A baburan da suka bi tsarin Honda, kuma na Sin da yawa shi suka kwaikwaya, wayar kashewa baƙa ce mai ratsin fari, ta magneto baƙa mai ratsin ja, mai zuwa bobin baƙa mai ratsin rawaya, koriya kuma ita ce mas, wato wadda ke haɗe da jikin babur. Ka cire baƙar mai ratsin fari daga soket ɗin akwatin, ka buga kik. Idan wuta ta dawo kuma ta daina ɗaukewa duk yadda ka juya kai, to ka gano ɓarawon, sai a bi wayar taƙi-taƙi har a ga inda ta goge, ko a buɗe maɓallin kashewa a kankare tsatsar da ke ciki. Sai dai ka sani cewa muddin wayar tana cire makulli ba zai kashe injin ba, don haka gwaji ne kawai, ba a barin babur haka.

Na taɓa karɓar wani babur da mai shi ya zo da akwatuna uku a cikin leda, dukansu an yanke musu hukuncin mutuwa. Da muka ɗaga tanki muka warware baƙin salatif ɗin da ke wuyan babur, sai ga wurin da ya goge, bai fi ƙwayar shinkafa ba, jan ƙarfen yana ƙyalli, a jikin firam kuma ga ɗan tabo mai sheƙi inda yake gogawa. Muka mayar da akwatin farko, wanda ya zo da babur ɗin daga kamfani, ya tashi da bugu ɗaya. Hanyoyinmu masu gargada, irin waɗanda ke girgiza mutum har haƙora su riƙa haɗuwa, su ne ke yin wannan ɓarna a hankali.

Idan kuwa ka cire wayar ba a ga canji ba, sai a bi wutar daga bakinta a koma baya, ba a fara daga tsakiya ba. A cire buji, a mayar da shi cikin hularsa, a ɗora ƙarfensa a jikin inji nesa da ramin da ya fito, domin tururin fetur na iya kamawa, a kuma yi gwajin a inuwa, don hasken rana yana ɓoye tartsatsi. Idan babu komai, a murɗe hular a cire ta daga kan wayar, a riƙe wayar da busasshen itace tazarar milimita 6 daga jikin inji, a sake bugawa. Wuta mai lafiya za ta tsallake wannan tazara da launin shuɗi da ƙara mai kaifi. Idan ta tsallake, laifin na hula ne ko na buji, kuma sau da yawa yanke ɗan kaɗan daga bakin wayar, inda ta yi baƙi, a sake murɗa hular a kan sabon wuri, ya wadatar. Wannan tazara ta milimita 6 tana da muhimmanci, domin wutar da ta iya tsallake ɗan bakin buji a sarari tana iya kasawa a cikin inji, inda iskar da aka matse ta fi wuyar ketawa. Bayan haka sai a duba mas, musamman inda aka ɗaure bobin a jikin firam, a kankare fenti da tsatsa, a duba bakunan soket ko sun yi kore. Sai a ɗauko mita a auna naɗe-naɗen. Akwatin shi ne na ƙarshe, domin mita ba ta iya faɗin lafiyarsa yadda za a dogara, kuma hanyar gwada shi ita ce a ari na wani babur irinsa da ke aiki.

A nan akwai wani tarko. Akwai akwatunan da daga batir suke shan wuta, ba daga magneto ba, kuma soket ɗinsu kan yi kama da na ɗaya nau'in har mai shago ya miƙo maka kowanne. Idan ka buɗe makulli ka auna ka sami bolt 12 a ɗaya daga cikin bakunan soket ɗin, naka na batir ne, kuma a irinsa fiyus da batir da wayar da ke kawo wutar su ne farkon abin dubawa, ita ma kuwa ta wuyan babur take bi. Haɗa nau'i ɗaya a gurbin ɗaya ba ya tayar da inji, yana kuma iya ƙona sabon akwatin nan take.

Tambaya: Ina gaisuwa. Daga Kuseri nake, ina da Yamaha DT 125 da nake kai kaya ƙauyukan bakin Logon. Da safe lafiya lau yake, amma tun shigowar bazara, idan na yi tafiyar kamar rabin awa sai ya fara shessheƙa ya mutu. Idan na zauna a gindin bishiya na ɗan lokaci sai ya tashi kamar ba shi ba. Wasu sun ce fetur ɗin bakin titi ne, wasu sun ce magneto.

Amsa: Ɗan'uwa, duka zarge-zargen biyu suna da makama, amma ba za a raba gardamar a gareji ba, domin kafin ka tura shi can ya huce, kuma babur ɗin da ya huce ba ya faɗin gaskiya. A wurin da ya mutu za ka yi gwajin, kuma cikin minti ɗaya ko biyu. Ka riƙa tafiya da sifanar buji da wani buji mai kyau a aljihu. Da zarar ya tsaya, kada ka ɓata lokaci wajen cire na jiki, wanda ma zai ƙona maka hannu. Ka zare hular, ka sa na aljihu, ka ɗora shi a jikin inji ka buga. Idan babu wuta ko ta zama ja mai rauni, sa'annan bayan ya huce ta dawo shuɗiya, to matsalar ta lantarki ce.

Abin da ke faruwa shi ne naɗin da ke cikin magneto da na cikin bobin waya ce siririya kamar gashi, mai rufin wani siririn shafi. Idan ta tsufa takan tsinke a wani wuri amma bakunan su ci gaba da taɓa juna, ko rufin ya tsage; da zafi ya buɗa ƙarfe sai bakunan su rabu, da ya huce kuma su koma su haɗu. A Kuseri da Injamena, inda zafin Afrilu da Mayu ke haura digiri 40 a inuwa, injin da iska kawai ke sanyaya shi, yana ɗauke da kaya a cikin rairayi da ƙaramar giya, ba ya daɗewa kafin ya kai naɗin ga iyakarsa. Bakanike mai mita zai auna kowane naɗi da sanyi ya rubuta, sa'annan a zagaya da babur ɗin har ya mutu a sake aunawa nan take. Ƙaruwa kaɗan saboda zafi ba laifi ba ce, haka jan ƙarfe yake. Wanda lissafinsa ya yi tsalle ko ya nuna waya ta yanke shi ne mai laifi. Adadin da ya dace ya bambanta daga babur zuwa babur, kuma littafin kamfani ne alƙali, amma a dunƙule ɓangaren bobin mai karɓar wuta daga akwati om ɗinsa, wato ma'aunin yadda waya ke tauye wuta, kaɗan ne ƙwarai, ɓangaren da ke zuwa buji kuwa dubbai ne.

Idan kuma ka gwada ka ga wuta garau, ka bar magneto ya huta. Ka buɗe murfin tanki ka saurara. Idan ka ji ya ja iska, to ƙaramar kafar da ke shigar da iska ta toshe da ƙura, fetur ya daina sauka, kuma zaman da kake yi a gindin bishiya shi ne ke ba kabureta damar sake cika. Shi kuwa zuwa-zuwa, wato fetur ɗin kwalba na bakin titi, ba zan ɗora masa laifin da bai yi ba, amma dattin da ke biyo shi daga jarka yakan taru a rariyar famfon tanki ya haifar da irin wannan alama, kuma tace shi da kyalle mai tsabta kafin a zuba ba ya cin kuɗi.

Tambaya: Ma'aikacin lafiya ne ni, ina kai allurar rigakafi ƙauyukan kewayen Marwa. A watan Agusta na shiga wani mayo, wato rafi, da ruwa ya kai gwiwa, babur ya mutu a tsakiya, muka tura shi waje. Bayan kwana biyu ya tashi, amma tun daga nan duk ranar da aka yi ruwa, ko aka wanke shi, sai ya riƙa yankewa.

Amsa: Malam, da farko ina fatan ba ku buga kik ba a bakin mayon kafin ku cire buji. Ruwa ba ya matsuwa, kuma idan ya shiga saman fistin aka tilasta injin ya juya, sandar fistin na iya lanƙwashewa. Ka'idar ita ce a cire buji, a cire filtar iska a matse ta, a zubar da abin da ke cikin kwanon kabureta, a yi ta buga kik har ramin ya daina feso ruwa, sa'annan a duba baƙin mai; idan ya koma launin shayi da madara, a canza shi kafin a yi nisa.

Yankewar da ta biyo baya kuwa alama ce ta wuta mai zurarewa. Wutar buji kullum hanya mafi sauƙi take nema, kuma hular da ta tsage, ko robar bakinta da ta bushe, ko wayar da ta yi tsattsage, idan suka jiƙe sai su ba ta hanyar zuwa jikin inji ba tare da ta shiga bujin ba. Ka tayar da shi da daddare a wuri mai duhu, ka yayyafa ɗan ruwa a kan hular da wayar, za ka iya ganin shuɗin tartsatsi yana gudu a bayansu, har ka ji ƙas-ƙas. Hula sabuwa ita ce magani, ba salatif ba. Yawancin huluna suna da ɗan abin rage wuta a ciki mai kimanin om 5,000, wasu 10,000, kuma idan mita ta nuna ya yanke, hular ta gama aiki ko da ba a ga tsaga ba. Ka kuma sa a buɗe murfin magneto idan irin busasshen nan ne, domin ruwan mayo da laka yake shiga, ya kwanta a ciki ya ci bakunan wayoyi. A wanke, a busar, a sake fakin ɗin murfin, a toshe inda wayoyi ke fitowa. Maɓallin kashewa ma yana riƙe ruwa, kuma a sababbin babura akwai wani maɓalli a jikin jak na gefe da ke hana inji aiki idan jak ɗin yana ƙasa, wanda shi ne ya fi kowa shan laka.

Tambaya: Baba, ni ɗan koyo ne a wani gareji a Injamena. Maigidana ya yi tafiya, sai na buɗe magneto na wani babur na canza naɗin na mayar. Ya yi aiki kwana uku, sai mai shi ya dawo da shi a tura. Wuta tana nan shuɗiya, fetur yana sauka, amma ba ya tashi, salansa tana harbi, kik kuma ya dawo ya doke ni a ƙafa. Ina tsoron dawowar maigida.

Amsa: Ɗana, ka kwantar da hankalinka, babu bakaniken da bai taɓa yin wannan kuskure ba, kuma gara ka faɗa wa maigidanka da bakinka. Wutarka lafiyarta lau, lokacinta ne ya ɓace. Kwanon maganaɗisun da ke juyawa yana zaune ne a kan bakin ƙarfen inji mai tsini-tsini, kuma akwai wani ɗan ƙarfe mai siffar jinjirin wata, wanda a nan ake kira kilabet, da ke nuna masa mazauninsa. A bayan kwanon ko a cikinsa akwai alamar da ke gaya wa akwati lokacin sakin wuta. Idan kilabet ya karye kwanon ya zame, sai wutar ta zo tun fistin bai iso ba, ta mayar da shi baya, wanda shi ne dukan da ka sha, ko ta zo bayan ya wuce, abin ya fashe a salansa.

Abin da ya kamata ka riƙe shi ne ba kilabet ne ke ɗaukar nauyin kwanon ba. Matsewar da ke tsakanin fuskokin biyu, na bakin ƙarfen da na ramin kwanon, ita ce ke riƙe shi, don haka idan aka mayar da shi da maiƙo ko ƙura a tsakani, ko notin bai ɗauru yadda ya kamata ba, kilabet shi kaɗai ba zai jure ba. Ka cire kwanon da ƙarfen jansa na musamman, ka kuma lura cewa a babura da yawa zaren wannan ƙarfe na hagu ne. Kada ka doke shi da guduma, domin duka yana fasa maganaɗisu ko ya ɓamɓare shi, kuma kada ka sa ƙarfen taya ka ɓanɓara, murfin inji ba zai yafe maka ba. Ka fitar da gutsattsarin, ka duba ko ramin ya faɗaɗa, ka wanke fuskokin biyu da fetur su bushe ƙayau, ka sa sabon kilabet na asali ba ƙusar da aka daddatse ba, sa'annan ka riƙe kwanon da kyau ka ɗaure notin da ƙarfin da littafi ya faɗa. Kafin ka rufe murfi, ka juya injin da hannu ka tabbatar alamar T da ke jikin kwanon, idan yana da ita, ta yi daidai da tsagar da ke jikin inji a lokacin da fistin yake can ƙololuwa. Idan kilabet ɗin lafiya yake, to ka duba ko ka juya wayoyin ƙaramin naɗin ishara, ko naɗin da ka sa ba na wannan babur ba ne.

Tunda koyo kake, ga wasu abubuwa biyu da ke kashe akwati a hannun masu gyara: buga kik alhali wayar buji tana rataye ba ta kusa da ƙarfe, da kuma kai babur wurin mai walda ba a cire soket ɗin akwatin da kan batir ba.

Tambaya: Daga Mokolo nake. Bujina yana yin baƙi duk mako, sai in ƙona shi a wuta in mayar. Wani ya ce in sayi mai lamba mafi girma don ya fi ƙarfi. Haka ne?

Amsa: A'a, Alhaji, lambar ba ta ƙarfin wuta ba ce. A bujin NGK, yadda lambar ta ƙaru haka bujin ke saurin zubar da zafi, wato mai 8 ya fi mai 7 sanyi, kuma buji mai sanyi ya fi saurin yin baƙi. Ka tsaya a kan lambar da kamfani ya sa, ka kuma daidaita bakinsa, wanda a yawancin ƙananan babura milimita 0.6 zuwa 0.7 ne. Baƙin kuwa ka taɓa shi da yatsa. Idan busasshe ne kamar na gindin tukunya, fetur ya yi wa iska yawa, kuma bayan hunturu da ƙurarsa filtar iska ce farkon abin zargi, sai cok da ya maƙale, sai saitin kabureta. Idan mai maiƙo ne, to baƙin mai ne ke haurowa ta ringi, ko kuma, a inji mai cin fetur haɗe da mai, man ya yi yawa. Ƙona buji dabara ce ta wanda dare ya yi masa a daji, amma zafin da bai daidaita ba yana tsaga farin tangaran ɗin, wutar ta riƙa bi ta tsagar. Idan za ka sa sabo, ka fara murɗa shi da yatsu har ya zauna, domin zaren da ke kan inji na alminiyam ne kuma ba ya jure kuskure, sa'annan ka ƙara kamar rabin juyi da sifana. Bayan tafiyar kwana biyu ka cire ka duba, launin da ake nema shi ne na soyayyar gyaɗa.